Kafin a ce teku ya yi tsami, wa ya gwada ma'aunin?

Daga farkon zamanin masana'antu zuwa yau, ma'aunin pH na saman teku, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda ke sauka idan asid ya ƙaru, ya sauka daga kimanin 8.2 zuwa 8.1. Wanda bai san kan lissafin ba zai ce ai wannan bai kai abin tada jijiyar wuya ba. Sai dai a ma'aunin pH kowace lamba guda ninki goma ce, don haka wannan ɗan giɓi na 0.1 yana nufin asid ɗin da ke cikin ruwan ya ƙaru da kashi 26 zuwa 30 cikin ɗari. Dalilin a fili yake. Iskar CO2 da ke sararin sama ta tashi daga kimanin kashi 280 cikin miliyan zuwa sama da 420, teku kuma yana shanye kusan rubu'in abin da ɗan Adam ke fitarwa duk shekara. Iskar na narkewa, sai ta haɗu da ruwa ta zama asid mai rauni, asid ɗin kuma ya ci sinadarin kabonet, wanda kawa da murjani da ƙananan halittun ruwa ke gina ɓawonsu da shi.

Wannan bayani ya zama ruwan dare. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda ake samo lambobin. A ganina nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne masu ba da kuɗin bincike suka fi yin ƙauro.

A tashoshin da aka daɗe ana bin diddigin ruwa, irin su tashar ALOHA da ke arewacin tsibirin Oahu na Hawai da ta kusa da Bamuda, waɗanda duka suka fara aiki a 1988, pH na raguwa da abin da bai kai 0.002 ba a shekara. A riƙe wannan lamba. Zafin ruwa kaɗai, idan ya canza da digiri ɗaya, yana motsa pH da kusan 0.015. Ke nan mai awon da ya yi sakaci da digiri ɗaya ya share canjin shekara bakwai ko takwas bai sani ba. Ƙaramar na'urar pH ta hannu, irin wadda ake tsomawa a ruwa a karanta, tana iya kuskuren 0.1 a ruwan gishiri, wato canjin shekara hamsin. Akwai kuma wani tarko: tsarin ƙidayar pH ba ɗaya ba ne. Wanda ake amfani da shi a ruwan daɗi da wanda masana teku suka fi amfani da shi sun bambanta da fiye da 0.1 a kan ruwa ɗaya. Mutum biyu za su iya ɗiban ruwa a guga ɗaya, kowa ya yi aikinsa da gaskiya, su fito da lambobin da za su sa a ce wani wuri ya riga wani lalacewa da shekaru da dama.

Shi ya sa masana ba sa dogara da pH kaɗai. Abubuwa huɗu ake iya aunawa a ruwan teku game da kabon: pH, da ƙarfin iskar CO2 da ke cikin ruwan, da jimillar kabon da ya narke, da alkaliniti, wato iyawar ruwa ta shanye asid. In an auna biyu daga ciki, aka haɗa da zafi da yawan gishiri da zurfi, sauran sai lissafi. Manhajar CO2SYS da Lewis da Wallace suka fitar a 1998 har yau da ita da 'ya'yanta ake wannan lissafi. Amma kwamfuta ba ta tambayar ingancin abin da aka ba ta. Ka ba ta lambobi biyu gurɓatattu, ta mayar maka da goma gurɓatattu, a jere tsaf, har da lambobi huɗu bayan ɗigo.

Aikin gaskiya yana farawa ne a bakin jirgi. Ana zura wani keji na ƙarfe mai ɗauke da manyan bututu, sau da yawa 24, kowanne a rufe bakinsa a zurfin da ake so. Da an jawo kejin sama, sai gaggawa ta tashi, domin ruwan da ya fito daga zurfi cike yake da iska, kuma da ya haɗu da sarari zai fara sakinta kamar lemon kwalba da aka buɗe. Mai ɗiban samfur yana sa siririyar tiyo har gindin kwalbar gilashi, ya bar ruwa ya cika a hankali ya yi ta malala, ba tare da kumfa ko ɗaya ya maƙale a jiki ba. Sai ya rage ɗan kaɗan daga sama don ruwan ya sami wurin buɗawa in ya ɗumama, ya ɗiga gubar makuri, wato zaiba, don kashe ƙwayoyin halittar da ke ciki. In ba a kashe su ba za su ci gaba da numfashi a cikin kwalbar, su ƙara mata kabon. Ya shafa man toshewa a murfin, ya ɗaure da roba, ya jijjiga, ya adana a wuri mai sanyi da duhu. Wannan duka ana yin sa ne jirgi na tangaɗi, wani lokaci cikin dare, hannu ya ƙage don sanyi. Kwalba ɗaya ke nan, saura ɗaruruwa.

A ɗakin gwaje-gwaje, jimillar kabon a saman teku takan kai maikromol (ma'aunin yawan sinadari) 2,000 a kilo ɗaya na ruwa, alkaliniti kuma wajen 2,300. Kuskuren da ake yarda da shi ga mai son gano canjin shekaru bai wuce 2 ba, wato ɗaya cikin dubu. Don auna kabon, ana zuba wa samfurin asid, a kore iskar ta fito, a ƙidaya ta da lantarki. Don pH kuwa, hanyar da ta fi inganci ita ce ta rini: a ɗiga wani rini mai canza launi, na'ura ta haska ruwan ta karanta launin. Clayton da Byrne ne suka daidaita wannan hanya a 1993. Shekaru ana aiki da ita kafin a gane cewa rinin da ake saye a kasuwa yana da gauraye, kuma gaurayen na kowane kamfani daban ne, har sai da aka wallafa ma'aunin tataccen rini a 2011. Ban ɗauki wannan a matsayin abin kunya ga masanan ba. Su suka gano, su suka faɗa, su suka gyara.

To, ta yaya ɗakin gwaji a Japan zai san cewa 2,000 ɗinsa ita ce 2,000 ɗin ɗakin gwaji a Jamus? Amsar tana cikin wata kwalba mai rabin lita. Tun 1990, ɗakin gwajin Andrew Dickson a cibiyar nazarin teku ta Scripps da ke Kalifoniya yake haɗa ruwan gwaji: ruwan tekun Pasifik da aka tace, aka kashe ƙwayoyinsa, aka auna kabon ɗinsa da matuƙar taka-tsantsan, aka rubuta sakamakon a takardar shaida. Daga baya aka ƙara da alkaliniti. Kowane ɗakin gwaji na ƙwarai yana sa wannan ruwa a na'urarsa kafin ya sa nasa samfurin. In na'urar ta ba da lambar da ke kan takarda, sai a ci gaba. In ta kauce, an san da nawa ta kauce. Da wannan ne ake iya haɗa awon jiragen ƙasashe daban-daban, na shekaru daban-daban, a rumbun bayanai ɗaya irin GLODAP, a ce ga yadda kabon ke nutsewa cikin teku.

Kusan duk duniya ta dogara da wannan ɗaki ɗaya tsawon shekara talatin. Da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe wuraren aiki, ruwan gwajin ya yi ƙaranci, ɗakunan gwaji suka koma tattalin 'yan kwalaben da suka rage, wasu suka haɗa nasu na wucin gadi. Ni dai abin ya ba ni mamaki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa rage tsamin teku cikin muradun ci gaba mai ɗorewa, shi ne ƙuduri na 14.3, ta kuma ɗora wa hukumar teku ta UNESCO tattara alƙaluman ƙasashe, amma ginshiƙin da alƙaluman ke tsaye a kai yana rataye da ƙofar ɗaki guda. Ba laifin ɗakin ba ne. Laifin tsarin da ke sha'awar ƙaddamar da sabon jirgi da sabuwar na'ura ne, ya kuma ɗauki ruwan gwaji da albashin ma'aikacin ɗakin gwaji a matsayin ƙananan kashe-kashe.

Kada kuma a zaci mallakar kwalbar kaɗai ta wadatar. A 2013 an raba ruwa iri ɗaya ga ɗakunan gwaji fiye da 60 a faɗin duniya ba tare da an gaya musu abin da ke ciki ba. Sakamakon da Bockmon da Dickson suka wallafa a 2015 ya nuna cewa da yawansu ba su kai ingancin da binciken sauyin yanayi ke bukata ba, kuma masu auna pH da sandar lantarki da ake tsomawa a ruwa sun fi kowa warwatsuwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Akwai masu ƙorafi, kuma ƙorafinsu na da nauyi. Suna cewa wannan tsananin ya mayar da fagen na masu hannu da shuni. Na'urorin na da tsada, jigilar kwalaben gilashi masu guba daga wata nahiya zuwa wata wahala ce, zubar da ruwan makuri ma wani aiki ne. Ƙasashen da al'ummarsu suka fi dogara da kifi da murjani su ne suka fi ƙarancin awo. Shin su zauna sai sun iya ɗaya cikin dubu? Da babu gara ba daɗi, in ji su.

Na yarda da su fiye da rabi. Gamayyar masu lura da tsamin teku ta duniya, GOA-ON, wadda aka kafa a 2012, ta raba ingancin awo gida biyu. Akwai na bin canjin shekaru, inda kuskuren pH ba zai wuce 0.003 ba. Akwai na bin canjin kwanaki da na wurare, inda aka yarda da 0.02. Na biyun ba ƙasƙanci ba ne. A gaɓar teku, inda koguna ke shigowa kuma ciyayin ruwa ke shan CO2 da rana su sake ta da dare, pH na iya hawa da sauka a yini ɗaya fiye da abin da tsakiyar teku ya yi a ƙarni guda. Mai kiwon kawa abin da yake son sani shi ne halin ruwan yau da safe.

Abin da ya faru a jihar Oregon ta Amurka ya isa misali. A 2007 da 2008, 'ya'yan kawa suka yi ta mutuwa a wata cibiyar ƙyanƙyasa da ke mashigin Netarts. Da farko an zargi ƙwayar cuta, aka kashe kuɗi wajen tace ruwa, mutuwar ba ta tsaya ba. Sai da aka haɗa kai da masana na jami'ar jihar aka fara auna kabon na ruwan da famfo ke jawowa, sannan aka ga cewa mutuwar na bin lokutan da iska ke taso da ruwan zurfi mai yawan CO2 zuwa gaɓa. Ɗan kawa na gina ɓawonsa na farko ne cikin kwana biyu na farkon rayuwarsa, kuma a wannan ruwa ba ya iyawa. Suka sauya lokacin jan ruwa, suka fara ƙara masa sinadarin sodiyam kabonet, sana'ar ta farfaɗo. Ba su bukaci 0.003 ba. Sun bukaci awo mai ɗorewa wanda aka san iyakar kuskurensa.

Inda na rabu da masu ƙorafin shi ne tunanin cewa na'ura mai araha za ta raba mu da kwalba. Duk na'urar da aka bari cikin ruwa tana kaucewa a hankali, gansakuka da ƙananan halittu kuma suna lulluɓe ta. Ko na'urorin Argo masu yawo da kansu, da ke nutsewa har mita 2,000 su taso su aika bayanai ta tauraron ɗan Adam, ana gyara pH ɗinsu ne da abin da jiragen ruwa suka auna a kwalabe daga zurfi, inda ruwa ba ya saurin canzawa. A raba wa jami'a akwatin na'urori, a yi taron bita na mako ɗaya, a ɗauki hoto a watse, ba tare da kuɗin ruwan gwaji na shekara ta biyu da ta uku ba, wannan tara lambobi ne da ba wanda zai iya haɗa su da na kowa. Abin da ya fi muni, wata rana wani zai ja layi a kansu ya ce ya gano canji.

Don haka bukatata ga masu ba da kuɗi da hukumomin awo na ƙasashe ba ta da ƙyalƙyali. A kafa wuraren haɗa ruwan gwaji a nahiyoyi daban-daban, su riƙa gwada na juna. A riƙa maimaita irin gwajin 2013 a kai a kai, a buɗe shi kyauta ga ƙananan ɗakunan gwaji. Inda hali ya yi, a auna abu uku maimakon biyu, don na ukun ya tona asirin sauran, musamman a gaɓa inda ruɓaɓɓun ganyaye da laka ke rikita alkaliniti. Mujallu da rumbunan bayanai kuma su daina karɓar lambar pH da ba ta zo da tsarin ƙidayarta, da zafin da aka auna ta, da girman kuskurenta ba.