Yadda Na Yi Wa Garmaho Linzami

Da aka zo rabon tarkacen ɗakin mahaifinmu, 'yan'uwana sun kwashe duk abin da zai yi kuɗi a kasuwa, ni kuwa aka bar ni da kwali guda na fayafan garmaho waɗanda rabonsu da allura tun ina firamare. Ban yi ƙasa a gwiwa ba, na shiga kasuwar Sabon Gari a Kano na sayo garmaho na gwanjo wanda aka shigo da shi daga Amurka, na haɗo da taransifoma mai rage ƙarfin wuta, domin wutarsu bolt 120 ce, tamu kuwa 230.

Da daddare na tara iyalina a tsakar gida, na ɗora faifan wani mawaƙin kalangu wanda mahaifinmu yake ƙauna, na sauke allura cikin natsuwa irin ta wanda ya san abin da yake yi. Muryar da ta fito ta yi kama da ta mutumin da aka tasa daga barci aka ce lallai sai ya yi waƙa, kalangun kuma yana jan ƙafa kamar jakin da aka yi wa lodin yashi. Uwargida ta saurara na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Malam, Allah ya sa dai ba jinya yake yi ba lokacin da aka ɗauki wannan."

Washegari na ɗiga alli a gefen farantin da ake ɗora faifai a kai na ƙirga juyinsa da agogo. Babban faifai, irin wanda kamfanin Columbia ya fitar a 1948, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, wato sau 100 cif a minti uku, amma nawa sau 83 ya yi. A nan na gano bakin zaren. Ɗan injin da ke jan farantin ba ruwansa da ƙarfin wuta wajen gudu, bugun wutar yake bi, kuma wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Taransifoma tana rage ƙarfi ne kawai, ba ta taɓa bugun, saboda haka garmahona ya yi asarar kashi ɗaya cikin shida na gudunsa tun ranar da ya sauka daga jirgi.

Dabarata ta farko ita ce na ciro maɓallin fankar ɗakin baƙi na jona masa, wanda duk mai hankali zai gane cewa abin da aka yi don rage gudu ba zai ƙara shi ba. Injin ya yi gurnani, ya ɗauki zafi, ya tsaya cak, baƙonmu kuma ya kwana yana fifita da kwali.

Sai na ƙudura cewa zan ƙera masa bugu 60 da hannuna. Na sayo ɗan ƙwayar lantarkin nan mai ƙafa takwas da ake kira 555, wanda ya shiga kasuwa tun 1972 kuma har yau ba ya kai kuɗin kwanon shinkafa, na haɗa shi da razista biyu masu rage gudun wuta, da kafasita mai tara wuta, da maɓallin murɗawa irin na ƙarar rediyo. Tsarin shi ne ƙwayar ta haifar da bugun, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, sannan wata taransifoma da na juya baibai ta ɗaga shi zuwa abin da injin yake buƙata. Na kwana uku ina narka dalma a kan faifan tankaɗen uwargida, na ƙona yatsa biyu da hannun riga ɗaya, na zuba komai a cikin gwangwanin madara.

Babban kafasita yana da ƙafar da dole ta fuskanci inda aka nuna, kuma akwai zane a jikinsa da ke faɗar haka, amma ni na ɗauka ado ne. Ina kunnawa ya kumbura, ya fashe da ƙara kamar bindigar toka, ya watsa mini guntayen takarda a gemu, kaji suka haye katanga. Maƙwabcina ya leƙo yana salati yana tambaya ko tukunyar gas ce.

Da na sauya shi, abin mamaki, farantin ya juya. Sai dai na murɗa maɓallin fiye da kima, mawaƙin da a da yake nishi ya koma zuba kamar mai tallar magani a tasha. Na yi ta lallaɓa maɓallin ina ƙirga ɗigon alli har na sami 100 a minti uku, na ji muryar da na sani tun ina yaro, na kusa hawaye. Bayan minti goma gwangwanin ya yi zafi, bugun ya fara zamewa, waƙar ta shiga tangaɗi. Maganin da na samu shi ne na zaunar da ƙaramin ɗana da mafici a gaban gwangwanin, kuma ya yanka mini farashin alewa biyu a kowane gefen faifai.

A mako na uku na kai kayan wurin wani dattijo mai gyaran rediyo don ya yaba mini. Ya leƙa gwangwanin, ya shinshina, ya ajiye shi can nesa da ƙafarsa, sannan ya ɗaga farantin ya nuna mini ɗan gargaren da bel yake zagayawa a kan injin. Ya ce, "Ɗana, wannan za a sauya da wanda ya fi shi kauri da kashi ɗaya cikin biyar, shi ke nan." Ya buɗe wata tsohuwar durowa ya ciro shi, ya ɗaura kafin shayina ya huce. Da na tambaye shi abin da zan yi da gwangwanin, sai ya ce idan ban damu ba yana son murfin, domin nasa na zuba kusoshi ya ɓata.