Rabon Gadon Maman Bello

Teburin mai shayi ne a bakin tasha, bayan sallar isha'i. Tisha na zaune da jaridar shekaranjiya, Ɗan Fulani ya jingine sandarsa yana hura kofi. Sai ga Bakano ya taho yana ɗaga waya sama kamar mai duban watan Sallah.

BAKANO: Halo! Na ce buhu 40, ba 4 ba! Halo! Ka gani ko? Ya tsinke. Kati ya tafi, magana ba ta tafi ba. Wallahi da ni ne gwamnati, gobe da sassafe zan sa wuƙa in yanka kamfanin nan gunduwa-gunduwa kamar tsire.

MAI SHAYI: Alhaji, da madara ko baƙi?

BAKANO: Nawa ne yau?

MAI SHAYI: An ɗan ƙara naira 100.

BAKANO: Kai ma a haɗa da kai a yankan.

TISHA: Ai an taɓa yin irin yankan nan, Alhaji. A Amurka. Akwai kamfanin tarho mai suna AT&T, ma'aikatansa kusan miliyan 1. Don girmansa har laƙabi suka yi masa, Ma Bell, wato Mama Bell.

ƊAN FULANI: Maman Bello? Allah sarki! Har Amurka ta kai?

TISHA: Ba Bellonku ba, Baffa. Bell, Baturen da ya ƙago tarho.

ƊAN FULANI: To ai duk Bello ne. Ci gaba.

TISHA: Turakun waya nata, layin nata, kan tarhon da ke cikin ɗakinka ma nata ne. Ita ke ƙera shi a masana'antarta ta Western Electric, kai kuwa haya kake biya duk wata. Wani kamfani ya yi ɗan abu kamar kofi da ake maƙalawa a bakin tarho don kada na kusa ya ji sirrinka. Ta ce sam, ba a maƙala mata kayan wani. Sai da kotu ta raba gardamar a 1956.

MAI SHAYI: Yo ai tana da gaskiya. Ni ma ba a zuwa min nan da burodin waje.

BAKANO: Mun sani. Shi ya sa muke cin naka mai kama da soson wanka.

TISHA: A 1974 gwamnati ta maka ta a kotu kan ta kankane kasuwa. Aka yi ta ja har 1982 aka yi sulhu a gaban alƙali Harold Greene. Ranar 1 ga Janairun 1984 aka yanka. Aka fitar da kamfanoni 7, kowanne da yankinsa na kiran cikin gari. Uwar aka bar mata kiran nesa da masana'anta da ɗakin bincikenta, Bell Labs.

ƊAN FULANI: Tsaya, Malam. Ta rasu ne?

TISHA: Tana nan da ranta.

ƊAN FULANI: Aka raba gado tana kallo? Aradu Nasara ba su da kunya.

BAKANO: Bar batun kunya. Farashi fa? Ya faɗi warwas ko?

TISHA: Na kiran nesa ya faɗi sosai, don wasu kamfanoni, MCI da Sprint, sun shigo suna zawarcin masu kira, kowa na cewa nawa ya fi araha. Kan tarho ma mutum ya shiga kanti ya zaɓi launin da ransa ke so.

BAKANO: Ka ji ko! Me na ce?

TISHA: Amma kuɗin layin gida na wata-wata hawa ya yi. Da can ribar kiran nesa ce ke rufa wa kiran cikin gari asiri. Da aka raba tukunya, kowa sai ya ci da guminsa. Ɗan kasuwa mai buga waya daga Niyok zuwa Kalifoniya ya samu sauƙi. Tsohuwar da ba ta kiran kowa sai 'yarta a bayan layi, ita ta ga ƙari.

BAKANO: To ni a cikinsu wanne ne?

TISHA: Ɗan kasuwan.

BAKANO: Alƙalin nan ya san aikinsa. Allah ya yi masa albarka.

ƊAN FULANI: Ni abin da ban gane ba, 'ya'ya har 7, ba su yi kishi da juna sun karya kuɗin ba?

TISHA: Ina za su haɗu su yi kishin? Bari in kwatanta maka da mai shayin nan. Shi kaɗai ne a garin nan, ko ba haka ba?

MAI SHAYI: Ikon Allah ne.

TISHA: A ce hukuma ta zo ta raba teburinsa ga 'ya'yansa 7. Wannan an ba shi tasha, wancan bakin kasuwa, wancan ƙofar asibiti, kowa da unguwarsa, ba mai taka ta wani. Kai da kake tasha, wurin wa za ka sha?

ƊAN FULANI: Wurin na tasha.

TISHA: In ya ƙara 100 fa?

ƊAN FULANI: In sha ina zagi a zuci, kamar yanzu.

TISHA: To haka layin gida ya kasance. Waya ɗaya ce ta shigo gidanka, kuma ba mai asarar kuɗinsa ya kafa wasu turakun kusa da na farko.

MAI SHAYI: Tisha, don Allah yaushe hukumar za ta zo raba ni? Yaran suna nan zaune ba aikin yi.

BAKANO: Ji ɗan banza! Ana maganar hukunci yana jin daɗi.

TISHA: Ba ku ji ƙarshen ba ma. A 1996 aka yi sabuwar dokar sadarwa, aka sassauta. Ɗaya daga cikin 'ya'yan, Southwestern Bell, wadda ta koma SBC, ta haɗiye 'yan uwanta biyu, Pacific Telesis da Ameritech. A 2005 ta sayi uwar kanta a kan dala biliyan 16, ta ajiye sunanta ta ɗauki na uwar. Shekara na zagayowa ta ƙara da BellSouth.

ƊAN FULANI: Innalillahi! 'Ya ta sayi uwarta?

TISHA: Da hannun jari ta biya mafi yawa, kuma da takarda.

BAKANO: Biliyan 16... an yi ciniki kuwa, ko farashin farko ta biya?

TISHA: Wasu biyun, Bell Atlantic da NYNEX, suka haɗe, daga baya suka zama Verizon. Ita kuma ta saye MCI, kishiyar da aka yi ta murnar zuwanta.

ƊAN FULANI: Wannan ai macijin tatsuniya ne. Ka sare shi gida 7, ka juya baya, ya haɗe.

BAKANO: Wato duk wahalar banza aka yi kenan?

TISHA: A'a, ban ce ba. Ba don an raba ba, da uwar ta ci gaba da wahalar da masu son haɗa layinsu da nata, tunda ita ce mai hanya ita ce kuma mai mota. Duk inda aka buɗe wa baƙo ƙofa, mai saye ya ji a aljihunsa. Ka tuna namu na gida mana. Kafin 2001 layukan NITEL a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. Wa ya yanka ta? Lasisi kawai aka ba wasu.

BAKANO: Ina tunawa! Layina na farko wajen naira 20,000 na saya, har walima na kusa yi. Minti ɗaya naira 50, ko "salamu alaikum" kaɗai ka ce an cire maka na minti.

TISHA: Sai Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa. Nan da nan sauran suka gano ashe su ma injinsu ya iya.

Ana cikin haka yaron mai shayi ya shigo a guje, bokitin ruwa na tangal-tangal a hannunsa.

YARO: Baba! Baba! Wani mutum yana sauke benci da katuwar butar shayi a tsallaken titi. Har da kiret ɗin ƙwai 5!

MAI SHAYI: A tsallaken wane titin?

YARO: Wannan na gabanmu.

MAI SHAYI: Alhaji, ɗarin nan da na ce an ƙara, wasa nake yi, kai ma ka san ni da barkwanci. Baffa, miƙo kofin in ƙara maka madara, kyauta ce. Tisha, gobe in ka ga dama ka zo da burodinka, ai mun zama ɗaya.

BAKANO: Ikon Allah! Yau har da murmushi?

Mai shayi ya jawo yaron gefe, ya rage murya.

MAI SHAYI: Maza tsallaka ka gaishe shi da kyau. Ka tambayo min ko yana da mata. Ka ce masa yayarka ta gama idda.