Trevor Nelson da darajar mai zaɓen kiɗa a rediyo

A farkon shekarar 2025 ne tashar BBC Radio 2 ta damƙa wa Trevor Nelson, DJ mai zaɓen kiɗa da gabatar da shi a rediyo, shirinta na rana, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu. An haife shi a unguwar Hackney ta Landan a 1964, iyayensa 'yan tsibirin Saint Lucia ne, kuma ya fara sana'a da kai manyan lasifikoki wuraren casu da sunan Madhatter. Daga nan ya shiga Kiss FM tun tana watsa shirye-shirye a ɓoye ba tare da lasisi ba, domin a wancan zamani manyan tashoshi ba sa bai wa kiɗan baƙaƙen fata wani lokaci na a zo a gani. Kiss ta fara aiki bisa doka a 1990, shi kuwa ya koma BBC Radio 1 a 1996 da shirin Rhythm Nation, har aka ba shi lambar yabo ta MBE, wadda masarautar Birtaniya ke bayarwa, a 2002.

Abin da ya fi jan hankalina a zaman da nake yi a Ingila shi ne yadda ake ɗaukar kunnen mutum irin wannan a matsayin ilimi. Nelson bai bar gidajen rawa ba bayan ya samu kujera a rediyo, saboda a can yake ganin faifan da ke tayar da jama'a da wanda ke zaunar da su, sannan ya zo da abin da ya gani gaban makirufo. Ya kuma yi aiki a kamfanin faifai na Cooltempo, ya san yadda ake nemo mawaƙi tun bai yi suna ba. Mai sauraro yana buɗe shirinsa ne domin ya amince da zaɓinsa, ko da bai taɓa jin sunan mawaƙin ba.

A gida al'adarmu daban ce. Mun tashi da Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, inda mai sauraro ke aiko da kati ya zaɓi waƙa, mai gabatarwa kuma ya karanto gaisuwa ga 'yan uwa da abokan arziki. Wannan tsari ya haɗa zumunci tsakanin mutanen Nijeriya da Nijar da Kamaru da Gana, har aka kafa ƙungiyoyin masu zaɓe, kuma ban ga kwatankwacinsa a nan ba. Sai dai ya sa mun saba auna mai gabatarwa da zaƙin murya da iya jero sunaye, ba da zurfin saninsa na waƙa ba. Shi kuwa DJ, mun ajiye shi a matsayin yaron da ake ɗauka haya ranar biki, a sallame shi in an watse.

Ba ina kiran a buɗe gidajen rawa a Kano ko Zinder ba ne; wannan ba tarbiyyarmu ba ce, kuma mu muna da dandalin biki da filin dambe da fada, inda makaɗa ke gwada kansu a gaban jama'a. Abin da nake ganin mun yi sakaci da shi shi ne rainon masu gabatarwa da za su ƙware a fanni guda, su shekara talatin a kansa, ta yadda matashi zai ji daga bakinsu abin da ya bambanta kalangun Mamman Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos, da kuma inda mawaƙan situdiyo na yau suka yi aro daga Narambaɗa. Akwai masu yin hakan, amma ba su da yawa, kuma ba kasafai tasha ke gina sunanta a kansu ba.

Su ma Turawan ba su yi saurin sakin hannu ba. BBC ta ware wa kiɗan baƙaƙen fata tasha ta daban, 1Xtra, a 2002, kuma sai da Nelson ya kai shekara sittin, bayan kusan shekara talatin yana yi musu aiki, kafin ya samu shirin rana na kullum a Radio 2.