Ku daina cewa daular Farisa ta ruɓe ne kafin Iskandar ya iso

Tun da Jami'ar Chicago ta ci gaba da mayar wa Iran allunan yumɓun nan na Persepolis, tsohon birnin sarakunan Farisa, wani kashi a 2019, sai alluna 3,506 a 2023, nake zuba ido in ga ko masu ba mu tarihi a YouTube da Facebook za su gyara bakinsu. Ina! Har gobe waƙar ɗaya ce: wai daular Farisa ta ruɓe, sarakunanta sun shagala da mata da giya, sai yaron Masedoniya, wato sarki Iskandar (Alexander the Great), ya zo ya hura ta ta faɗi. Wallahi abin yana ɓata mini rai, saboda masana sun bar wannan magana tun shekarun 1980, mu kuma sai yanzu muke tallarta kamar sabon kaya.

Wa ya ba mu wannan labarin? Girkawa ne, abokan gabar Farisawa. Arrian da aka fi dogara da shi kan yaƙe-yaƙen Iskandar ya yi rubutunsa sama da shekara 400 bayan mutumin ya mutu. Ctesias kuwa likita ne a fadar sarkin Farisa, ya koma gida ya cika wa mutanensa kunne da gulmar cikin gida, ta matan sarki da bayin fada. Mu da muka san abin da Turawan mulkin mallaka suka rubuta kan sarakunanmu kafin 1903 bai kamata a yi mana wannan wayon sau biyu ba.

Su kuma allunan, da aka tono a 1933, yawancinsu da harshen Elam, ba labarin jarumta a cikinsu ko kaɗan, lissafin ma'aji ne zalla na zamanin sarkin Farisa Dariyus na ɗaya, daga 509 zuwa 493 kafin Miladiyya. Magatakarda ya ɗauki yumɓu ɗan ƙarami da zai zauna a tafin hannu, ya rubuta sha'ir nawa aka ba ma'aikata kaza a gari kaza, ya danna hatimi a gefe. Matafiyi mai takardar izini yana karɓar guzurinsa zango bayan zango. Har mace ma'aikaciya in ta haihu akwai ƙarin kaso da ake ba ta, na mai ɗa namiji ya ninka na mai 'ya mace, abin da bai yi mini daɗi ba, amma dai an rubuta, an ƙirga, an biya.

Za a ce ai wannan shekara 150 da ɗoriya ne kafin Iskandar. To mu matso kusa. A 343 kafin Miladiyya sarkin Farisa Artashasta na uku ya sake ƙwace Masar bayan ta yi kusan shekara 60 da ɓallewa, wato saura shekara 9 Iskandar ya tsallako Asiya a 334. Wace ruɓaɓɓiyar daula ce ke iya wannan? Sannan akwai takardun fata da harshen Aramaik daga Baktiriya, arewacin Afghanistan ta yau, na ƙarshen zamanin daular, gwamna yana aika umarni, ana lissafin kayan abinci, ɗaya ma an sa mata kwanan wata da shekara ta 7 ta mulkin Iskandar kuma salon aikin bai canja ba, sunan sarki kawai aka sauya.

Shi kansa Iskandar ya fi 'yan koransa na yau ganewa. Da ya shiga Babila a 331 sai ya naɗa Mazaeus gwamna, mutumin da ya yaƙe shi a Gaugamela makonni kaɗan kafin nan. Ya riƙe tsarin larduna da haraji yadda ya same su, ya fara sa tufafin sarakunan Farisa har sojojinsa suka yi ta gunaguni, a 324 kuma ya aurar wa manyan hafsoshinsa 'ya'yan manyan Farisa a Susa. Shi ya sa masanin nan na Faransa Pierre Briant ya kira shi na ƙarshen sarakunan gidan Akimeniyawa, wato gidan sarautar Farisa. Mutum ba ya gadon kango ya yi ta lallaɓa shi haka.

Masu cewa in ba ta ruɓe ba ta yaya ta faɗi cikin shekara 4, ba su da hujja sai sakamako. An ci sarkin Farisa na lokacin, Dariyus na uku, a Issus a 333, ya sake tara runduna, aka ci shi a Gaugamela, sannan Bessus, gwamnansa na Baktiriya, da mutanensa suka kashe shi a 330. Rashin nasara a fagen fama ne a gaban sojojin da Filibus, mahaifin Iskandar, ya shafe sama da shekara 20 yana horarwa, kuma bayan haka sai da Iskandar ya sha wuya kusan shekara 3 a Baktiriya da Sogdiya. Kuma fa shi ne ya cinna wa fadar Persepolis wuta, amma a bidiyoyin nan shi ake kira mai kawo wayewa.

Ban ce sarakunan Farisa waliyyai ba ne, sun murƙushe tawaye da mugun ƙarfi. Abin da nake nema kaɗan ne: malamanmu na tarihi a jami'o'i su fassara wasu daga cikin allunan nan zuwa Hausa, ko guda 20 ne, kuma duk mai haɗa bidiyo kan Iskandar ya riƙa faɗa wa masu kallo daga bakin wa ya ɗauko labarinsa.