Tikitin Kota Bharu da hanyar Yamai

Yammacin Juma'a abokin zamana a ɗaki, ɗan jihar Kelantan ta ƙasar Malesiya, ya rataya 'yar jakar goyo ya ce zai leƙa gida ya ci tuwon mahaifiyarsa, Lahadi ya dawo. Na ɗauka mota zai bi, don garinsu Kota Bharu yana can kusa da iyakar Tailan, kusan tafiyar yini ce daga Kuala Lumpur. Ashe jirgi ne. Ya nuna mini tikitin AirAsia a wayarsa, kuɗin bai kai na takalmin da ke ƙafata ba. Yana ɗaure igiyar takalmi ya jefo mini tambaya: daga Kano zuwa Yamai, inda nake yawan cewa goggona take, minti nawa ne a jirgi? Na yi dariyar yaƙe, na ce ya yi sauri kada jirgi ya tashi ya bar shi.

Duk wanda bai taɓa shiga klia2 a filin jirgin saman Kuala Lumpur ba zai ɗauka zuzutawa nake yi. Tasha ce guda da aka buɗe a 2014 domin jiragen masu araha kaɗai, rabinta kasuwa, sai ka ratsa shagunan turare da na cakulan har ƙafa ta gaji kafin ka ga ƙofar jirginka. Ta gilashi kana hango jajayen jirage a jere kamar motocin haya a Kwanar Dawaki. Allon tashi kuwa ba ya hutawa: Penang, Langkawi, Kuching, Miri, Tawau, Kota Kinabalu da ke tsallaken teku, tafiyar awa biyu da rabi. A ƙarƙashinsu Medan, Padang, Bali, Krabi, Singafo, duk a allo ɗaya, kamar ba wata ƙasa za ka tsallaka ba. Tsohuwa da ledar tsaraba, lebura da takalmin soso, ɗalibi da littafi, layi ɗaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba dole ne sai ka biyo ta babban birni ba. Mutumin Johor Bahru yana tashi kai tsaye zuwa Kuching, na Penang ya nufi Kota Kinabalu.

Kuma ba tsafi a ciki. Tony Fernandes ya sayi kamfanin AirAsia a 2001 kan ringgit ɗaya, kuɗin Malesiya, da jirage biyu da tulin bashi. Kusan jirgi iri ɗaya suke amfani da shi a gajerun hanyoyi, Airbus A320, kujeru duk aji ɗaya, jirgi ya sauka ya sake tashi cikin kamar minti 25. Kilo 7 na jakar hannu ne kyauta. Akwati, zaɓen kujera, shinkafa, har ruwan sha, kowanne da kuɗinsa. Dogon mutum irina gwiwarsa tana gaisawa da kujerar gaba har a sauka. Na yarda.

Na kuma yarda masu jirage a gida ba a kan katifa suke kwance ba. Kayan gyara da dala, inshora da dala, babban gyara sau da yawa sai an kai jirgi waje, fasinja kuwa naira yake biya. To amma dala ce ta ce ɗan Sakkwato mai zuwa Maiduguri sai ya gangara Abuja tukuna? Dala ce ta ce mai zuwa Yamai daga Kano, duk da ba ya buƙatar biza, ya nufi kudu, wataƙila har Lome, sannan ya juyo arewa? An sa hannu kan buɗe sararin samaniyar Afirka a Yamoussoukro tun 1999, an sake ƙaddamar da shi a Addis Ababa a 2018. Takarda dai ba ta tashi sama.

Kano fa! Garin da jirgi ya fara sauka a Najeriya a 1925. Garin da KLM ya yi shekaru da dama yana sauka kafin ya janye a 2012. Yau in ka cire jigilar alhazai da 'yan Umara da 'yan tsirarun jiragen waje, mun zama reshe, Legas da Abuja ne uwar bishiya. Zumuncinmu kuwa gabas da yamma yake tafiya, Katsina, Maraɗi, Damagaram, Yamai, Njamena, hanyar da kakanninmu suka bi da jakuna ba tare da sun nemi izinin kowa ba.

Lahadi da daddare ya dawo da ƙullin nasi kerabu, shinkafar nan tasu mai launin shuɗi, ya ce mahaifiyarsa ta ce a ba baƙon Najeriya. Na ci, da daɗinta. Na fita baranda na kira Hajiya, a can la'asar ce. Ta ce goggo ta sake tambayata, jikin nata sai a hankali. Ta ce, "Yaushe za ka zo?" Na ce in sha Allahu bayan jarrabawa. Shekara uku ke nan ina ba ta wannan amsar.