Ruwa ba ya jiran a kafa kwamiti

Duk wanda ya ɗan jima a Birtaniya ya san haruffan nan uku: DEC. Gamayya ce ta manyan ƙungiyoyin agaji 15 na ƙasar, an kafa ta tun 1963, kuma aikinta guda ne. Idan babban bala'i ya afka wa wata ƙasa mai ƙaramin ƙarfi, sai ƙungiyoyin su ajiye rige-rigen neman kuɗi, su fito da murya ɗaya da asusu ɗaya. BBC da ITV su ba su fili kyauta, bankuna su buɗe ƙofar karɓar gudummawa. A teburin nan Islamic Relief na zaune kusa da Christian Aid, ga Oxfam, ga Save the Children, ga Red Cross ta Birtaniya. Mai son bayarwa ba ya tsayawa tunanin wa zai amince wa, lamba ɗaya ce a gabansa.

Na ga yadda abin ya yi aiki lokacin ambaliyar Pakistan ta 2022, wadda ta shafi mutum miliyan 33, ta kuma kashe sama da 1,700. Ranar 1 ga Satumba aka ƙaddamar da neman taimako, gwamnatin Birtaniya kuma ta ce duk fam ɗin da mutum ya bayar za ta ɗora wani a kai, har zuwa fam miliyan 5. A ambaliyar 2010 ma, ta wannan hanyar aka tara wa Pakistan fam miliyan 71. Ba Birtaniya kaɗai ke da irin wannan ba. Jamus na da Aktion Deutschland Hilft, Holan na da Giro555.

Amma ni ba yawan kuɗin ne ya fi ɗaukar hankalina ba. Abin da ya fi burge ni shi ne tun kafin a tara ko sisi an riga an san yadda za a raba. Akwai ma'aunin da aka amince da shi tun lokacin zaman lafiya, wanda ke duba ƙarfin kowace ƙungiya da girman aikin da ta saba yi. Wadda ba ta da hanyar kai agaji ƙasar da abin ya faru ba ta karɓar kaso don kawai tana cikin gamayyar. Wadda ta karɓa kuwa sai ta kawo tsarin aikinta a rubuce, watanni 6 na farko na ceton rai ne, sauran lokacin na farfaɗo da rayuwa, daga baya kuma a zo a bi diddigi. Wato rigimar rabo, wadda ita ce ke cinye lokaci da zumunci a kowane taron tara kuɗi, an gama ta tun babu gawa a ƙasa, tun babu kyamara.

Haka abin yake a fagen aikin kansa. Tun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa aikin agaji rukuni-rukuni, kowane da jagoransa: ruwan sha da tsafta a hannun UNICEF, lafiya a hannun WHO, jigilar kaya a hannun Hukumar Abinci ta Duniya, OCHA kuma, ofishin Majalisar mai daidaita ayyukan jinƙai, shi ke haɗa kan kowa. Akwai wani jadawali da ake cikewa mai tambayoyi uku kacal: wa ke aiki, me yake yi, a ina. Wani zai ce wannan ai aikin takarda ne, mutane na kan rufin gidaje ana zancen jadawali. To amma duk wanda ya bibiyi rabon agaji bayan ambaliya ya san abin da ke faruwa idan babu shi. Ƙauyen da ke bakin titi ya karɓi barguna sau uku daga ƙungiyoyi uku, na bayan kogi da gadarsa ta karye bai ga kowa ba. Kowa ya kawo abin da ke fitowa da kyau a hoto, babu wanda ya kawo maganin tace ruwa ko ya haƙa masai. Alhali bayan ruwa ya lafa, abin da ke ɗibar rayuka shi ne kwalara da zazzaɓin cizon sauro da gudawar yara. A lardin Sindh na Pakistan ruwa ya kwanta watanni, cuta ta biyo baya.

Idan na juya na dubi gida Najeriya, ba ƙarancin tausayi nake gani ba. Wallahi mutanenmu na bayarwa, har wanda ba shi da shi yana bayarwa. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, waɗanda suka fara ciro mutane maƙwabta ne da matasa masu kwale-kwale, tun kafin wata babbar mota mai tambari ta iso. Gudummawa ta yi ta kwarara daga gwamnoni da attajirai da talakawa. Abin da ke damuna shi ne siffar bayarwar. Kowa da ranarsa, kowa da tawagarsa, kowa da sanarwarsa. Asusu ya yi yawa, na gwamnati daban, na ƙungiyoyi daban, na masu kiran jama'a a Facebook daban. Ba ina zargin kowa da cin amana ba. Ina cewa ne ko da kowa mai gaskiya ne, tsarin da babu wanda ya san jimillar abin da ya shigo da inda ya nufa dole ya bar wasu a baya.

Kuma kullum bayan ruwa ya ci gari muke fara shiri. A 2012, da ambaliya ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan 2 da gidajensu, sai Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa kwamitin tara kuɗi ƙarƙashin Aliko Ɗangote da Olisa Agbakoba. Ƙoƙari ne, ba a raina shi ba. Sai dai shekara 10 bayan nan, a 2022, ruwa ya dawo ya kashe sama da 600, ya kori sama da mutum miliyan 1.3, kuma babu wani tsayayyen asusun haɗin gwiwa na ƙungiyoyinmu da jama'a suka sani suka kuma yarda da shi. Muna da NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, tun 1999, muna da hukumomin jihohi, muna da hukumar da ke fitar da hasashen ambaliya kowace shekara tana ambaton jihohin da ke cikin haɗari. Ilimin yana nan. Abin da babu shi ne yarjejeniya tsakanin masu tara kuɗi da masu rabawa wadda ta girmi bala'in.

Kada a ɗauka ina cewa na Turawa ba shi da aibi. Yana da shi, kuma aibin ya taɓa mu kai tsaye. Sharuɗɗa uku DEC ke dubawa kafin ta fito neman taimako: girman bala'in, ko ƙungiyoyinta za su iya kai agaji wurin, sai na ukun, ko akwai alamar jama'ar Birtaniya za su bayar. Wannan na ukun yana nufin kyamara ce ke yanke hukunci. A daminar 2022 ɗin nan da aka yi wa Pakistan gangami, Najeriya da Chadi ma suna cikin ruwa, amma ba a yi musu ba, domin labarinsu bai zauna a allon talabijin na nan Birtaniya ba. Ina zaune a nan ina kallon wannan bambanci, kuma ya yi mini ciwo. Darasin da na ɗauka shi ne duk wanda ya jingina ceton mutanensa da tausayin masu kallo a wata nahiya, ya jingina da abin da ba shi da iko a kai.

Ko manyan alkawuran ma sai an karanta su da kyau. A taron Geneva na Janairun 2023 an yi wa Pakistan alkawarin sama da dala biliyan 9, amma mafi yawansu bashi ne, ba kyauta ba. Sannan tun a 2016, a taron Istanbul, manyan masu bayar da agaji suka yi alkawarin cewa kashi 25 cikin 100 na kuɗin zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida kai tsaye gwargwadon iko kafin 2020. Wa'adin ya wuce ba a kai ko kusa ba. Waɗanda suka san hanyar ƙauye, suka san gidan da tsohuwa take kwance ba ta iya tashi, su ne ake bai wa ragowa bayan kuɗin ya bi ta hannu uku ko huɗu.

Misalin da na fi so mu koya ma ba daga Turai yake ba, daga Bangladesh yake. A Yulin 2020, da hasashe ya nuna kogin Jamuna zai yi ambaliya, asusun gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya saki dala miliyan 5.2 kafin ruwan ya kai ƙololuwa, aka tura wa iyalai kuɗi ta waya. Mutum ya kwashe iyalinsa da dabbobinsa ya hau tudu da ƙafarsa, maimakon a zo a ciro shi. Hakan ya yiwu ne don an rubuta tun farko cewa idan ma'aunin ruwa ya kai wuri kaza, kuɗi kaza zai fita, ba sai an kira taro ba.

Abin da nake fata shi ne manyan ƙungiyoyin agajinmu, na Musulmi da na Kirista da waɗanda ba na addini ba, tare da Red Cross ta Najeriya, su zauna da rani su amince da asusu ɗaya na ambaliya, da ma'aunin rabo, da mai binciken kuɗi mai zaman kansa wanda zai wallafa rahotonsa kowa ya gani. Gidajen rediyo su yi alkawarin fili kyauta, kamfanonin waya su ba da gajeriyar lamba guda. Gwamnati ta ɗora nata a kan abin da jama'a suka bayar, amma kada ta riƙe makullin.

Mu ma da ke waje muna da namu gyaran. Duk ambaliya sai ka ga an buɗe sababbin zaurukan WhatsApp, ana tura kuɗi asusun mutum ɗaya, wasu har suna tara tsofaffin tufafi da kuɗin jigilarsu ya fi darajarsu. Niyya mai kyau ce, amma kuɗi a hannun ƙungiyar da ke wurin ya fi kwantena da za ta iso bayan wata uku, domin da kuɗi ana sayen abin da ake buƙata yau a kasuwar kusa, 'yan kasuwar da ruwa ya durƙusar su ma su samu su miƙe. Ƙungiyoyinmu na mazauna waje za su iya zaɓar abokan aiki biyu ko uku a gida tun yanzu, su duba takardunsu, su amince da yadda za a riƙa kawo rahoto, kafin hasashen damina mai zuwa ya fito.