Ranar da na manne a saman kwanon gidana

Jama'a damina ta tona min asiri bana. Tun farkon watan Agusta ɗakinmu ke yoyo, daidai saitin gado, uwargida ta jera bokiti da roba har da tukunyar tuwo, in ruwa ya sauko da dare sai ka rantse masu kalangu ne suka zo biki. Na kira mai gyaran kwano ya faɗi kuɗi, na ce masa zan neme shi. Ban neme shi ba.

Sai wani maƙwabci ya ba ni dabara, wai a samu farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firij, a jiƙa shi da fetur, ya zama gam mai toshe kowace ɓula. Na je wajen 'yan bumburutu na sayo rabin lita, ni gwani na zuba shi a farin mazubin abincin nan na soso, kafin in juyo gindin mazubin ya ɓace fetur ya bi ƙasa. Ashe shi ma jinsinsu ɗaya. Na koma na sake sayowa, yaron ya dube ni ya ce Alhaji yau tafiya ce mai nisa?

Wannan karon gwangwanin madara na samu. Soso kusan tsawona na dinga karyawa ina jefawa yana shiii yana narkewa, gaba ɗayansa bai cika gwangwanin ba. Ƙanwata da ke karatun kemistiri tana zaune tana cin gyaɗa ta ce Yaya ai kusan kashi 98 cikin 100 na soson nan iska ce, sauran kuma ana ce masa polistirin, ƙwayoyinsa dogaye ne kamar zare, shi ya sa suke harɗewa su yi kauri kamar yadda kuɓewa ke sa ruwa yauƙi. Ta ce in shafa siriri. Na ce yarinya ni da nake biyan kuɗin makarantar.

Na hau tsani na lafta shi da kauri kamar ana yaɓen katanga. Bayan awa ɗaya na taɓa da yatsa, ya bushe ƙayau. Na ce Alhamdulillah, na zauna a kai don in ɗan huta in kalli unguwa.

Wallahi da na zo tashi wando ya ce bai san zancen ba.

Ina sama ina kiran a kawo ɗauki, ita tana ƙasa tana ba ni lacca. Wai lokacin da haɗin ke da ruwa-ruwa ƙwayoyin fetur na yawonsu kusan yadda suka saba, suna bi ta tsakanin zaren, amma da na saman ya tashi sai zaren ya matse ya yi ɓawo, na cikin kuma ya zama kamar ɗan adaidaita a cunkoson Kantin Kwari ana gobe sallah, yana motsi amma ba ya zuwa ko'ina. Iya yawan zaren iya nauyin tafiyarsu, don haka cikin zai iya kwanaki bai bushe ba. Har ta fara ba ni labarin wani Bajamushe Staudinger da ya ce ƙwayoyin nan dogaye ne tun 1920 aka ƙi yarda sai 1953 ya ci kyautar Nobel, na ce don Allah bar Bajamushen nan ki miƙo min zani.

Da zanin uwargida na sauko, yaran layi na ta tafi. Warin fetur kuwa ya cika ɗaki, ta ce Abban yara ba mai kunna min ashana a gidan nan, kwana uku muna cin burodi da garau-garau na saye.

Ɓular dai ta toshe, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai wajen kokawar cire wando na taka kwanon ya lotsa, yanzu saitin talabijin yake zuba. Mai gyara ya zo jiya, ya hau ya leƙo ya ce Alhaji wandon nan a cire shi ne ko a bar shi, don shi ya riƙe wajen.